Kurakuran da na tafka shekarar da na haɗa karatu da sayar da atamfa

Ni dai a yajin aikin ASUU na 2022 na fara sana'a, wanda aka tsunduma ranar 14 ga Fabrairu ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur muna gida daga wanke-wanke sai kallon silin. Yayata ce ta ranta min jari, na fara saro atamfa da leshi da mayafai a Kantin Kwari ina ɗorawa a sitatus, kuma Alhamdulillah abin ya karɓe ni. Sai da aka koma makaranta na gane ashe sana'ar da aka raina a zaman banza ba ta san wani abu wai shi lakcar ƙarfe takwas ba. Abubuwan da zan faɗa yawanci a kaina suka faru, sauran kuma a kan 'yan ɗakinmu da 'yan ajinmu na gani, kuma da mata zan fi yi don su na fi sani, amma maza masu sayar da data da huluna da takalma ku ma ku tsinci naku.

Na farko da ya kayar da ni rashin duba kalanda ne. Kasuwar kayan sawa tana da lokacinta, azumi da gab da Sallah, makaranta ma tana da nata, kuma babu mai jiran wani. A 2023 ƙaramar Sallah ta kama 21 ga Afrilu, babba 28 ga Yuni, mu kuma an matse mana zangon karatu don a cike giɓin yajin aiki, sai ya zamana makon da oda ta fi yawa shi ne makon da tes ya fi yawa. Ina zaune a laburare littafi a buɗe amma ido na kan waya, wannan na cewa a turo mata kala uku ta zaɓa, waccan na cewa tela ya ce yadin bai isa ba. Abin da ya kamata in yi tun satin farko shi ne in ɗauko kalandar makaranta in ɗora ta kan ta Musulunci, tunda Sallah kullum matsowa take da kamar kwana 11 duk shekara, in ga inda za su yi karo. In kin ga za su haɗu to ki sari kayan Sallah da wuri ki sayar da wuri, sannan saura sati biyu jarabawa ki rubuta ƙarara a sitatus: an rufe karɓar oda sai ranar kaza. Tsoron da muke ji shi ne kwastoma za su gudu. Wallahi da na gwada daga baya ba su gudu ba, biyu ko uku sun saya a wani wuri, sauran sun jira, wata ma addu'ar sa'a ta turo min.

Kuma ki daina cewa ai ko kin faɗi kwas ɗaya ne kawai. Yi lissafin da kanki. A ce kina ɗauke da yunit 18 kuma duk B kika ci, GPA ɗinki 4.00 kenan. Ki faɗi kwas ɗaya tak mai yunit 3, ya dawo 3.33, kin sauko ƙasa da 3.50 da ake nema a 2:1, kuma sifilin nan yana zama cikin lissafin CGPA ko kin sake rubutawa kin ci A. Ga shi badi sai kin fara yi wa kariyoba rijista kafin sababbin kwasa-kwasai, alhali akwai iyakar yunit da ake yarda a ɗauka a zango, in suka taru sai su tura ki ƙarin shekara, da sabon kuɗin rijista da na hostal da na abinci. Wace ribar atamfa ce za ta biya wannan? Maganar sa ƙawa ta cike miki atandans kuma, eh tana iya kai ki kashi 75 ɗin da ake nema kafin a shiga jarabawa, amma ba za ta rubuta miki tes ɗin ba-zata ba, kuma CA, wato makin tes da asaimen, maki 30 ne ko 40, in kika zubar da shi kin shiga ɗakin jarabawa da ƙafa ɗaya. Ranar da malam ya ƙirga kawuna ya ga sun gaza sunaye kuma ku biyu za ku kwana a ciki.

Sai kuɗi. Asusu ɗaya nake da shi, nan Baba ke turo kuɗin abinci, nan kwastoma ke biya, nan nake cire na data da na shawarma, to duk sanda na buɗe na ga lambobi sai in ji ni Hajiya ce. Uwar kuɗin nake ci ban sani ba. Yanzu buɗe asusu na biyu a waya ba ya ɗaukar minti goma, ko OPay ko Moniepoint ko bankin da kike so, ki ware wa sana'ar nata, ki yanka wa kanki albashi duk wata komai ƙanƙantarsa, in ya ƙare ya ƙare. Sannan ribar da muke faɗa da baki ba ita ce riba ba. Misali kin sari turmi 10 kowanne a dubu 15 kin sayar da kowanne dubu 17, sai ki ce kin ci dubu 20. Cire kuɗin mota zuwa da dawowa, adaidaita sahu, ɗan dako, leda, data, abincin da kika ci a kasuwa, wataƙila dubu 8 ce ta rage, in kuma mutum ɗaya ta riƙe kuɗin turmi ɗaya to faɗuwa kika yi kina murna. Wani abin da ya ƙone ni sosai bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 shi ne sayar da kaya a tsohon farashi. Na sayar da komai tas ina jin daɗi, na koma Kwari kuɗin turmi goma suka kasa sayen takwas. Kafin ki faɗi kuɗin kaya kira mai shagon da kike sari ki ji nawa yake yau, a kan farashin yau ake ɗora riba ba na ranar da kika saya ba.

Bashi kuwa, nan ne zan daɗe, don shi ya fi cin jarin ɗalibai kuma ba mugunta ce ke kawo shi ba, kunya ce. Wadda kuke cin indomi a tukunya ɗaya ta ɗaga leshi ta kara a jikinta ta ce "ƙawata wannan kam nawa ne, Abba zai turo ƙarshen wata", ke kuma bakinki ya yi nauyi ki ce ba komai ɗauka. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, ta ɗinka ta sa ta yi hoto, ke ce ma kika fara danna mata so, daga nan sai ki ga ke mai bin bashin ke kike sauya hanya in kin hango ta don kar ta ce kin dame ta. An yi asarar kuɗin an yi ta ƙawancen. Abin da ya cece ni jumla ɗaya ce da na haddace kuma gaskiya ce: "Wallahi ƙawata jarin Yaya ne, ba ni da ikon bayarwa, amma ki fara ajiye abin da kike da shi in cire miki shi gefe." Ta biya sau uku ko huɗu ba damuwa, kayan dai na cikin akwatina sai ta cika. In kuma dole ce ta sa kika bayar, rubuta, suna da kwanan wata da ranar biya, ki tura mata a saƙo ta amsa. Masu cewa rubutu rashin yarda ne su tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Haka haɗa jari da ƙawa, ku rubuta wa ya kawo nawa, wa ke zuwa kasuwa, yaya za a raba, tun ana dariya. Hoton rasit kuma ba kuɗi ba ne, sai kin buɗe asusunki kin gani da idonki kaya su fita.

Kuɗin rijista ba jari ba ne, wannan ba sai na ja ba. Haka dubu 20 ɗin NELFUND, asusun rancen ɗalibai na gwamnati, ta wata-wata, rance ne da za a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Duk wanda kuma ya ce kawo dubu 50 ki karɓi ɗari a wata, ki tambayi waɗanda MMM ta kwashe a 2016 da na CBEX a 2025.

Tafiya iri biyu ce ta cinye min shekarar. Ta sari, da nake ganin dole sai na taka Kwari da ƙafata duk sati biyu, alhali in kin yi sari sau uku huɗu a wurin mutum ɗaya kun saba, kiran bidiyo ya isa, ya nuna miki kaloli ki zaɓa ki tura kuɗi ya kai tasha ya ba ki lambar direba, kuɗin webil bai kai rabin kuɗin motarki ba kuma ba ki rasa lakca ba. Sai ta biki. Aji uku shekarar aure ce, kusan duk wata da wadda za a kai, kuma kowacce da ankonta, kamu daban dina daban, wata a Kaduna wata a Gombe wata a Katsina. Ni mai sayar da atamfa sai ga ni ina sayen anko a hannun wasu da ribar tawa atamfar. Zumunci a ƙafa yake, na yarda, amma ƙafar nan guda biyu ce. Ki zaɓi na aminai na gaske ki je da zuciya ɗaya, sauran ki kira amarya da bakinki tun da wuri ki ba ta haƙuri ki aika gudummawa, hakan ya fi ki yi shiru ki ɓace. In za ki je kuma kar ki ce sai Lahadi da la'asar za ki taso, mota sai ta cika take tashi, ga shingaye a hanya, ki shigo gari tsakar dare ki kwana a lakcar Litinin. Sammako ake yi. Kuma don Allah a daina yin tafiya ba tare da gida sun sani ba, na san masu yi, hanyoyinmu ba na wasa ba ne, ko jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da ake ganin ya fi aminci an tare shi a Maris ɗin 2022. Yawon buɗe ido a bari sai hutu, tafiyar da na fi jin daɗinta a shekarar ita ce wadda muka je Yankari bayan an gama jarabawa, babu handawut a jaka babu fargaba.

Akwai wani kuskuren da ban ma san ina yi ba sai da 'yar ɗakinmu ta faɗa min a fuska. Ta ce "ke yanzu in kin yi wa mutum sallama jira yake ya ji sabon kaya ya iso." Na ji zafi amma gaskiyarta, duk gurup ɗin da nake ciki na mayar da shi shago, har na karatu. Kuma ita ɗin ce ke miƙa wa kwastoma kaya in ba na nan, ta karɓi kuɗi ta ajiye, wata shida ko ɗankwali ban taɓa ba ta ba. Na raba layi, na sana'a daban a WhatsApp Business da saƙon da ke amsawa da kansa cewa ana duba oda daga bayan la'asar zuwa isha, na kuma yanka mata wani abu a kan duk turmin da ya fita ta hannunta, ta ƙi karɓa sau biyu a na uku ta karɓa.

Kwas ɗin da na faɗi a zangon Sallar nan mai yunit 3 ne, na sake shi a shekarar da ta biyo baya tare da 'yan ƙasa da mu, ranar Litinin ƙarfe takwas na safe, ina kujerar gaba waya a kashe cikin jaka, suna ce min Anti mai atamfa.