Masu zuwa Rumsiki da damina, ku kula da mayo

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ji wasunmu na shirin kai iyali Rumsiki, ƙauyen nan na yawon buɗe ido a duwatsun Mandara da ke arewacin Kamaru, cikin Agustan nan, shi ne na ce bari in tofa albarkacin bakina.

Ruwan da ya sauka kan duwatsun Mandara shi ne abin tsoro. Dutse ba ya shan ruwa, duk sai ya gangaro cikin mayo, wato rafin da ke bushewa da rani, lokaci guda. Mutanen Marwa sun sani: yara na ƙwallo a yashin Mayo Kaliyawo, rana fayau, can sai ka ji rugugi, ga ruwa jawur ya taho da itace da tarkace. Na taɓa ganin ya fizge babur a hannun wani, da ƙyar ya sha.

Ku fita da sassafe, ku sauko kafin azahar, don hadari ya fi haɗowa da yamma. Da kun ji tsawa ku bar kan tudu, kada ku fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Kada a ajiye mota cikin mayo ko da a bushe yake. In kun tarar ruwa na gudu kan hanya, ku tsaya har ya janye, ko da 'yan acaɓa na cewa a ratsa.