Yadda ake kai kamfanonin taba kotu domin lafiyar jama'a

'Yan uwa mazauna Makka, Jidda da Madina, musamman ma'aikatan lafiya da ɗaliban shari'a, su kan yi tambaya: wanda sigari ta jawo wa sankarar huhu, zai iya kai kamfani ƙara ya ci? Da wuya ya ci shi kaɗai. A Amurka, tun daga 1954 aka shafe kusan shekara 40 ɗaiɗaikun mutane suna shigar da ƙara, kamfanonin ba su biya kowa ko sisi ba. Dabararsu ita ce jan lokaci har kuɗin lauya ya ƙare ko mai ƙara ya rasu, sannan su ce ai da kansa ya zaɓi ya sha, ga gargaɗi a jikin kwali.

Abin ya sauya ne da gwamnatoci suka shigo a matsayin masu ƙara. Jihar Misisipi ta fara a 1994, tana neman kuɗin da ta kashe wajen jinyar mashaya. Gwamnati ba ta taɓa kunna kara ɗaya ba, don haka hujjar "shi ya zaɓa" ba ta kama ta. A 1998 jihohi 46 suka yi sulhu da manyan kamfanoni huɗu a kan aƙalla dala biliyan 206 cikin shekara 25. Saboda haka matakin farko shi ne a tantance wa zai tsaya a matsayin mai ƙara: ma'aikatar lafiya, asusun inshora, ko taron majinyata da suka haɗa kai. A nan Saudiyya ma Ma'aikatar Lafiya ta shigar da dillalan taba ƙara a Riyad a 2007 tana neman riyal biliyan 10. Yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda Saudiyya ta amince da ita a 2005, ta ƙarfafa irin wannan mataki a sashe na 19.

Sai wanda za a kai. Uwar kamfani tana Landan ko Suwizalan, wanda ke nan wakili ne mai shigo da kaya. Idan aka kai uwar kamfani kaɗai, za ta ce kotun ba ta da hurumi a kanta. Idan aka kai wakili kaɗai, zai ce shi bai ƙera komai ba. A haɗa su a takarda ɗaya, a kuma shirya tun farko yadda sammaci zai isa ƙasar waje ta hanyar da doka ta yarda. Mutanen Kano sun ga illar wannan. A 2007 jihohin Kano, Legas da Gombe da gwamnatin tarayyar Najeriya suka kai kamfanonin taba kotu, aka yi shekaru ana jayayya a kan sammaci da hurumi, ba a kai ga ainihin maganar cutarwa ba.

Hujja ce ke cin lokaci, kuma a nan ne likita da nas suke da aikin da lauya ba zai iya yi musu ba. Fayil ɗin da aka rubuta "yana shan taba" kawai ba ya amfani a kotu. A rubuta shekarar da ya fara, shekarunsa a lokacin, sunan sigarin, da kara nawa a rana. Kwali ɗaya kara 20 ne; a ninka kwalin da yake sha kullum da yawan shekaru. Mai shan kwali ɗaya da rabi tsawon shekara 20 lissafinsa 30 ke nan. A haɗa da sakamakon gwajin tsokar da aka yanka, da gwajin numfashi, da rasit na kowane magani. A tambaye shi kuma ko yana shan shisha ko yana sa shamma (garin taba) a baki, ko ya yi aiki cikin ƙurar siminti, domin lauyan kamfani zai tono waɗannan ya ce su ne sanadi. Hukumar inshorar lafiya ta Koriya ta Kudu ta shigar da ƙara a 2014, ta sha kaye a 2020, domin kotu ta ce ba a kore sauran sanadai ba. Lardin Biritish Kolombiya na Kanada ya kauce wa wannan rami: sai da ya fara yin doka mai ba da damar tabbatar da asara da alƙaluman jama'a gaba ɗaya, ba majinyaci bayan majinyaci ba, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2005. A 2025 aka amince da sulhun dalar Kanada biliyan 32.5 tsakanin kamfanonin taba da dukkan lardunan Kanada da majinyatan da suka kai ƙara. A ganinmu, gwamnatin da ta shiga kotu ba ta yi irin wannan doka ba ta yi gaggawa.

Rashin lafiya kaɗai ba ya isa, sai an nuna laifin kamfani: ya san illar ya ɓoye, ko ya yi tallar da ke jawo yara. Shari'ar jihar Minesota ta Amurka ta tilasta buɗe takardun cikin gida na kamfanonin, yanzu miliyoyinsu suna intanet kyauta a ma'ajiyar Jami'ar Kaliforniya ta San Faransisko. A nemi sunan ƙasa ko na wakili da haruffan boko. Akwai wasiƙun da ke nuna yadda kamfanonin suka haɗa kai don jinkirta hana talla a ƙasashen Larabawa na Galf. Kowace takarda sai an fassara ta zuwa Larabci a ofishin fassara mai lasisi kafin alƙali ya duba ta.

Wanda zai shigar da tasa a nan, ta Najiz, manhajar Ma'aikatar Shari'a, ake yi, ta nan kuma ake ba lauya mai lasisi wakala. A kula da wa'adi: dokar mu'amalar jama'a ta 2023 ta ce ba a sauraren ƙarar diyya bayan shekara 3 da sanin cutarwar da wanda ya jawo ta, ko shekara 10 da faruwarta. Iyalai da yawa sai an gama jinya da zaman makoki suke tunawa da lauya, lokaci ya riga ya ƙure.

Abin da za a roƙi kotu ya fi yawan kuɗin muhimmanci. Jihohin Amurka sun karɓi biliyoyi, amma ɗan kaɗan ƙwarai suka sa a yaƙi da taba, saura ya tafi toshe giɓin kasafi. A rubuta cikin sulhu kason da zai tafi asibitocin daina shan taba, a nemi hana talla da buɗe takardu, kada a yarda da sharaɗin sirri ko na yafe duk wata ƙara ta gaba. A 2006 mai shari'a Gladis Kesla ta kotun tarayyar Amurka ta samu kamfanonin da laifin yaudarar jama'a, ta umarce su da su buga gaskiya da kuɗinsu; ɗaukaka ƙara ya jinkirta bugawar har 2017.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar lauya. Doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Idan bakalar unguwa tana sayar wa yara, a rubuta rana da awa da sunan shagon, a ɗauki hoton allonsa ba fuskar yaron ba, a kira baladiya (hukumar birni) a 940 ko Ma'aikatar Kasuwanci a 1900, a ajiye lambar ƙorafin. Idan ba a ga mataki ba, a sake kira da wannan lambar, a sa maƙwabta biyu ko uku su ma su kai nasu daban.