Yadda nake auna wanda ya fi kusa da ƙarewa: yanyawar Darwin ko beyar mai tabarau

Duk shekara idan muka zo darasin dabbobin da ke neman ƙarewa, nakan rubuta sunaye biyu a allo: yanyawar Darwin, da beyar mai tabarau, wanda farin da ya zagaye idanunsa ya ja masa sunan. Yara sai su ce beyar ne ke cikin haɗari, tunda shi ne babba. Ga yadda muke bin abin.

Fara da taswira. Beyar ɗin yana tsaunukan Andis, daga Benezuwela, Kolombiya, Ekwado, Peru har Bolibiya, kuma shi kaɗai ne beyar a Kudancin Amurka. Ita kuwa yanyawar, duk duniya sai Chile, a tsibirin Chiloé da wasu 'yan dazuzzuka kamar Nahuelbuta. Manyanta ba su kai 2,500 ba. Dabbar da gidanta ƙarami ne, annoba ɗaya ta ishe ta.

Sannan ka tambayi abin da ke kashe kowanne. Nan nake daɗewa. Beyar ɗin, ko da yake cikin maciya nama aka lissafa shi, yawancin cimarsa tsirrai ne da 'ya'yan itace. Sare daji ke tura shi gonar masara, wani lokaci a zarge shi da kashe shanu, manomi ya ɗauko bindiga. Duk wanda birai suka taɓa yi wa ɓarna ya san wannan zafin, ban ga laifin fushin ba. Yanyawar kuwa, 'yar abar da ba ta wuce kilo huɗu, karnukan gida ne ajalinta: su cije ta, ko su shafa mata cuta. Ga rashin tsoron mutum. A 1834 masanin halittu Charles Darwin, wanda aka sa mata sunansa, ya lallaɓo ta bayan wata tana zaune a kan dutse tana kallon ma'aikatan jirgin ruwan da ya zo da shi, ya buge ta da gudumar fasa dutse. Wannan labarin yana sosa min rai har yau.

Kar ka manta da haihuwa. Uwar beyar ɗa ɗaya ko biyu take yi, ta yi fiye da shekara tana raino, shi ya sa kashe mace ɗaya babbar asara ce.

Sai a ƙarshe nake buɗe musu jerin IUCN, ƙungiyar duniya mai kasa dabbobi rukuni-rukuni bisa kusancinsu da ƙarewa. Beyar yana rukunin masu rauni, yanyawar tana mataki ɗaya sama da shi, rukunin da ke cikin haɗari. Kafin 2016 ma a rukunin masu tsananin haɗari take.