Yadda Na Gyara Tsagewar Katako a Goshin Jirgin Victory

Wata uku ke nan ina haɗa ƙaramin samfurin katako na Victory, jirgin ruwan yaƙin Ingila mai tafiya da iska wanda aka ƙaddamar a 1765, kuma a cikinsa ne Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya rasu a yaƙin Trafalgar na 1805. Aiki ya tafi daidai har na iso goshin jirgin, inda jikinsa ya kumbura kamar ƙwarya. Duk siririn katakon da na lanƙwasa a wurin sai ya tsage, wanda ya tsira kuma sai ya ɗaga ya bar rata.

Da farko na ɗora wa katakon laifi, ashe gaggawata ce. Ban goge gefen allunan haƙarƙarin jirgin ba, shi ya sa katakon yake hawa kan kaifi maimakon ya kwanta. Na manna samfefa a jikin doguwar sanda, na yi ta gugar gefunan har suka bi lanƙwasa ɗaya.

Daga nan na riƙa jiƙa kowane katako a ruwan zafi na kimanin minti 20, in lanƙwasa shi a hankali a kan dutsen guga mai zafi, in fere bakinsa ya sirance domin duka su samu wuri a goshin. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne haƙurin kafe shi da ƙananan ƙusoshi ya kwana ya bushe kafin in sa gam, domin jiƙaƙƙen katako yana tsukewa idan ya bushe, ratar ta dawo. Tun daga layi na biyar babu wanda ya sake tsagewa.