Yadda Ake Yi Wa Babur Mai Bin Kwalta Da Daji Lodi Mai Nauyi

Babura irin su Suzuki DR650, Kawasaki KLR650 da Honda CRF300L an ƙera su ne domin su bi kwalta su kuma ratsa daji, shi ya sa suke da tsayi, da tayar gaba mai inci 21, da shokzoba mai laushi wadda ke nutsewa sosai. Siffofin nan da ke taimakonsu a gargada su ne kuma ke ba su wahala idan kaya suka yi nauyi.

A fara da duba littafin babur domin sanin iyakar nauyin da kamfani ya yarje, a kuma tuna cewa mahayi da fasinja duk suna cikin lissafin. Ruwa ma ba abin rainawa ba ne, domin kowace lita kilo ɗaya ce.

Sai dai a ganina, wurin da aka ɗora kaya ya fi yawansu muhimmanci. Ƙarfen da ke riƙe da wurin zama da kariyar ɗora kaya siriri ne, kuma duk kayan da suka zarce tsakiyar tayar baya suna ɗage gaban babur, har mahayi ya ji kan yana rawa a hannunsa idan ya ƙara wuta. Saboda haka masu nauyi, kamar kayan gyara da ruwa, a zuba su a ƙasan jakunkunan gefe, kusa da ƙafafun mahayi, a raba su daidai hagu da dama. Marasa nauyi kamar tufafi da bargo su ne za su hau sama. A lura da salansa, domin a irin waɗannan babura tana sama ne a gefe guda, kuma jakar da ta jingina da ita kan narke tun kafin mahayi ya ji ƙauri.

Bayan an ɗaure kaya tamau, sai a matse sifirin ɗin shokzobar baya, yadda idan mahayi ya zauna ba za ta nutse fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyarta ba. Idan aka bar ta a sake, baya zai zauna, fitila ta haska sama, babur ya riƙa turjiya a kwana. A ƙara wa tayar baya iska gwargwadon abin da littafin ya faɗa, a kuma tabbatar sarƙa ba ta ɗame ba, domin tana ƙara ɗamewa idan baya ya nutse.

A kan hanya, birki zai buƙaci tazara fiye da yadda aka saba. A cikin yashi ko gargada, mahayi ya miƙe tsaye a kan matakai, ya rage gudu tun kafin rami. Bayan tafiyar kilomita kaɗan a tsaya a sake jan igiyoyi, domin girgiza kan sa kaya su zauna, ɗauri ya saki.