Yadda za ka zana labarin gidanku a akwati huɗu

Na daɗe ina zana fuskar kakata, ba ta taɓa fitowa ba, sai ranar da na bar fuskar na koma kan hannunta. Iya tana da wata al'ada: in za ta yi faɗa, sai ta rufe ƙwaryar fura da faifai, ta dafe shi da tafin hannu, sannan ta buɗe baki. Da na zana hannun nan a kan faifan, ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, wallahi Iya ce!" Daga nan zanen barkwancin da nake yi kan gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ringim, ya samo asali: ɗan gajeren labari cikin hotuna huɗu a jere, kowanne a cikin akwatin da aka shata a takarda.

Kafin ka taɓa fensir, nemi ƙaramin littafi ka sa a aljihu. Duk maganar da ta faɗo maka ta mutanen gidanku, rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ka gyara. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "kai" sai "yaron nan". A zanena ma haka take, kuma duk Bahaushen da ya karanta ya san wane ne babba a ɗakin ba tare da an gaya masa ba. Rubuta kayan gida ma: inda randa take, moɗar da bakinta ya lotse, rumbun da ya karkata, wurin da darni ya ɓule kaji ke bi. Waɗannan ne za su sa gidan ya zama naku, ya bambanta da na maƙwabta.

Kayan aiki ba su da yawa: farar takarda A4, fensir HB, magogi, rula da baƙin biro. Tawadar allo tana da kyau a ido, amma an yi ta ne don a wanke, gumin hannu kaɗai ya isa ya ɓata maka aikin yini.

Kwantar da takardar a kwance. Tsawonta santimita 29.7 ne, saboda haka akwati huɗu masu faɗin santimita 6.5 za su shiga, da ɗan fili a tsakaninsu. Fara rubuta maganar a saman akwati, ka zagaye ta, sannan ka zana mutanen a ƙasa. Wanda ya fara da mutum ƙarshenta matse rubutu yake yi har ya ƙi karantuwa. Wanda zai fara magana sa shi a hagu, tunda boko daga hagu ake karanta shi. Kuma ka fito da lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ sosai, kada kafa ta maye gurbin ƙafa.

Ga yadda na raba wani abu da ya faru ina ɗan shekara bakwai. Akwatin farko, Inna ta shanya gero a tabarma, ta ce wa yaron, "Kai, tsare mini, zan shiga maƙwabta." Na biyu, ihun yara masu langa yana shigowa ta kan darni, yaron ya juya kai. Na uku babu magana ko ɗaya: tabarma, akuya a tsakiyarta, takalmin yaro ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Na huɗu, ya dawo yana haki, Iya na zaune kan turmi da sanda a hannu, ta riga ta kori akuyar, ta ce, "Maigida, ashe kishiya ka yi mini, tunda ita ka ciyar."

Akwati na ukun nan shi na fi ba muhimmanci. Masu farawa suna tsoron barin akwati shiru, alhali a nan mai karatu ke riƙe numfashi. A zahiri dukan da na sha ranar ya fi dariyar yawa, amma abin da ya zauna mini a rai shi ne yadda Iya ta tare ni da wasan jika don Inna ta huce. Shi na zana.

Akwai abin da ba na ɗaga ƙafa a kansa: sirrin gida ba kayan dariya ba ne. Rikicin kishiyoyi, bashi, saki, ciwon da aka ɓoye, duk ba sa shiga. Ka canza sunaye, kuma ka nuna wa mutum zanensa kafin duniya ta gani. Kawuna ya ce shi bai yarda a zana surarsa ba, na ce to, Kawu. Har yau a zanen ba a ganinsa, sai takalminsa a ƙofar zaure da muryarsa daga ciki, masu karatu kuwa sun fi tambayarsa a kan kowa.

Sai ka yanke shawara ko mutanenka za su girma. Lynn Johnston, 'yar ƙasar Kanada, ta fara zanen iyali a jarida a 1979, ta samo shi daga nata gidan, ta bar yaran suna girma tare da masu karatu. Ni ma hanyar na bi, ina tafiya da shekarar manomi: shuka da damina, girbin gero da kaka, hunturu kowa a bakin murhu, bazara ana kwana a tsakar gida.

In ka gama zanen da fensir, bi kansa da biro, ka bari ya bushe kafin ka goge fensir. Ɗauki hoton da safe a inuwa, wayar tana kallon takardar kai-tsaye, ba tare da fitilar waya ba. Don Facebook ko WhatsApp, jera akwatunan biyu sama biyu ƙasa, sun fi karantuwa.

Iya ta rasu da kaka, Allah ya jiƙanta. Wata biyu ban zana komai ba. Da na dawo, akwati ɗaya na yi: ƙwarya a rufe da faifai, ba hannu a kai. Na kai wa Inna ɗakinta. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yaron nan, bar mini wannan," ta sa shi a ƙasan akwatin kayanta.