Yadda zaka gano inda kake da ƙarfi da inda kake da rauni

A 1983 wani malamin jami'ar Harvard ta Amurka, Howard Gardner, yace basira ba kala ɗaya bace, ya lissafo bakwai: ta harshe, ta lissafi, ta kiɗa da waƙa, ta sarrafa jiki, ta hango siffa da wuri, ta iya zama da mutane, sai ta sanin kai, daga baya ya ƙara ta takwas wato sanin dabbobi da tsirrai. Masana da yawa sunce hujjarsa bata da ƙarfi, baiwa ce kawai ya canza wa suna. Ni dai ko baiwa ko basira, abin yana taimakawa wajen auna kai.

To ka ajiye sakamakon WAEC a gefe tukunna, don jarabawa harshe da lissafi tafi aunawa. Ka duba me mutane ke zuwa nema wajenka. In rigima ta tashi a gidanku kai ake kira ka sasanta alhalin ba kai ne babba ba, to kana da ta zama da mutane, in kuma sau ɗaya zakaje unguwa ka koma bayan shekara baka tambayi kowa hanya ba, wannan hango wuri ne. Makiyayin da zai gane saniya bata da lafiya tun daga takunta shima basira ce, koda bai taɓa shiga aji ba.

Ka tuna abin da ka koya ba tare da bulala ba. Sannan ka tambayi mutanen da basa jin kunyarka, banda Inna, ita komai naka daidai ne. Gwaje-gwajen auna kai da ake yi a intanet kuwa abin da ka faɗa musu shi zasu maido maka.

Rauni kuma yawanci yana ɓoye a aikin da kake ta cewa sai gobe. Ba kowanne ne ya cancanci wahalarka ba, in baka iya waƙa ba ai ba wanda ya mutu. Amma tela mai hannu da bai iya lissafin kuɗin zare da man janareta da ladan yara ba, zai kwana kan keke duk azumi yana ɗinkin sallah ya tashi ba riba. Irin wannan dole a toshe, ya sayi littafi ya riƙa rubuta shiga da fita kullum da daddare, in ya gagara ya ɗauko ƙaninsa mai kan lissafi ya riƙe masa, ya biyashi.